Inna Sista Ta Tafi Da Sunayen Da Ta Ƙi Ba Mu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2003, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Adama Gaji a gidanta da ke Takur, cikin Dutse, bayan jinyar wata huɗu. Ta rasu tana da shekara sittin da ɗaya. Mutanen Takur ba su san ta da wannan suna ba. Inna Sista muke ce mata, domin malamar asibiti ce mai karɓar haihuwa, ta yi shekara talatin da wani abu tana wannan aiki.

Inna, ni ne Muntaka ɗan Malam Abdurrahman, wanda ya gaji makarantar allon mahaifinsa a bayan gidanki. Na daɗe ina shakkar ko ya dace in rubuta miki ta'aziyya. Akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Amma akwai abin da ni kaɗai zan iya faɗa, kuma in ban faɗa ba na ci amanarki sau biyu.

Daga Aujara aka dawo da ke Dutse, shekara guda bayan an ba mu jiha, lokacin da ma'aikata ke ta kwararowa garin bai shirya musu ba. A ƙaramin asibitin da aka kai ki, ɗakin haihuwa gado uku ne. Kin sha shimfiɗa zanenki a ƙasa ki karɓi ta huɗu. Ke kika karɓi haihuwar 'yata ta fari, Ruwaida, wadda ta zo da ƙafa. Da kika fito kika tarar da ni ina ta zagaye bishiyar darbejiya, sai kika ce, "Malam, zauna ka ja carbinka, kai ba naƙuda kake ba." Na san wata Bafulatana daga rugar gabas da Aujara da ta zubar da jini bayan haihuwa, danginta suka ji tsoron allura suka zame ɗaya bayan ɗaya. Kika naɗe hannun rigarki aka ɗebi jininki aka ƙara mata, kika sha ruwa, kika koma bakin aiki. Har kika kwanta ciwo mijin matar nan bai daina aiko miki da man shanu ba.

Akwai wani sashe na aikinki da maza ba mu cika sani ba. Mata kan zo miki suna zubar da jini, ciki ya lalace. Wasu ɓari ne daga Allah. Wasu kuwa sun sha wani abu, sassaƙe ko ƙwayoyin kemis, saboda dalilan da su da Mahaliccinsu suka sani. Ke ba kya tambaya. Wankin ciki kike yi musu, ki tsayar da jinin, ki ba su magani, su koma gida da ƙafarsu.

Da aka ƙaddamar da shari'a mun yi murna, kuma har yau ban yi nadamar murnar ba. Amma a wannan lokacin kowa so yake a gan shi a sahun gaba. Mai neman kujera yana so a ce ya fi abokin takararsa kishin addini, mu ma malamai na unguwa ba a bar mu a baya ba. Muka kafa kwamitin gyaran tarbiyya a unguwarmu, aka naɗa ni magatakarda. Ba a jima ba magana ta iso mana cewa ana zubar da ciki a ɗakin Inna Sista. Babu wanda ya kawo shaida. Mu ma ba mu nema ba.

Muka aika miki, kika zo zauren da muke zama da farin mayafinki, kika zauna a bakin tabarma. Shugabanmu, Alhaji Nata'ala, ya ce ki ba mu sunan duk matar da ta zo miki da jini, domin a bincika.

Kika ce, "Alhaji, ban taɓa zubar wa kowa da ciki ba, Allah ne shaidata. Amma wadda ta zo jini na zuba, ba zan tsaya tambayarta ba. Jinin mai ɓari da na wadda ta sha magani iri ɗaya ne, kuma duk biyun yana kashewa."

Ni na ce, "Inna, ai rufa wa mai laifi asiri taimaka masa ne."

Kika dube ni kika ce, "Malam Muntaka, ranar da na ba ku suna ɗaya, babu macen da za ta sake zuwa asibiti. A ɗaka za su mutu."

Ba mu saurare ki ba. Ni na rubuta takardar da muka kai wa shugaban asibitin, da hannuna, har ina jin daɗin yadda na tsara ta. Muka nemi kada a ƙara yi wa mace wankin ciki sai mijinta ya zo da kansa ya sa hannu, kuma a rubuta sunanta a littafi. Shugaban asibitin ya ji tsoron a kira shi maƙiyin shari'a, ya amince, ya manna takardar a ƙofar ɗakin haihuwa. Ke kuma aka mayar da ke ɗakin yankar kati. Wata shida kika yi a can kika ajiye aiki.

Ba dokar ƙasa ce ta ce a yi haka ba. Littattafan da na karanta a gaban mahaifina ma ba su ce a bar mace ta mutu ana kallo ba. Mu muka ƙara, tsoro kuma ya ƙara a kan abin da muka ƙara.

Damina ta biyu bayan haka, aka kawo ƙanwata Fiddausi daga ƙauyen da take aure, kwance a bayan motar ɗaukar kaya. 'Ya'yanta biyar. Tun haihuwarta ta ƙarshe likita ya gargaɗe ta cewa jikinta ba zai ɗauki wani cikin ba. Tana da ciki wata uku jini ya ɓalle mata, ta yi kwana uku a ɗaki ta hana a faɗa wa kowa, don ta ji labarin ana rubuta sunaye. Mijinta Idirisu yana Legas wajen neman abinci. Da muka isa asibiti da hantsi, jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Malamar da ke bakin aiki ta ce sai miji. Na ce ni yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, zan sa hannu. Ta nuna mini takardar da ke jikin ƙofa, ta ce, "Malam, miji aka rubuta. In na taɓa ta, gobe ni za a kira." Na tsaya ina karanta rubutun hannuna.

Gidanki na nufa a guje. Na same ki kina tankaɗe a tsakar gida. Ban san da wace fuska na yi miki sallama ba. Kafin in gama bayani kin ɗauki mayafi. Ba ki da sauran iko a asibitin nan, amma kika shiga, kika ce wa malamar, "'Yata, miƙo mini kayan aiki, in an tambaya ki ce ni ce." Kika yi awa biyu a kanta. Bayan azahar kika fito kika ce mini an makara, dafin ya riga ya bi jini. Fiddausi ta cika kafin la'asar, kanta a kan cinyarki.

Ke kika yi mata wanka. Bayan kwana bakwai, da zuciyata ta ƙi kwanciya, na zo na tambaye ki abin da ke cina: ɓari ta yi, ko wani abu ta sha?

Kika ce, "Ka tambaye ni irin wannan a zaure ban faɗa ba, yau ma ba zan faɗa ba. Ƙanwarka ce. Ka yi mata addu'a."

Har yau ban sani ba. Wani lokaci ina gode miki da kika bar ni a haka, wani lokaci kuma abin yana hana ni cin abinci. Ban sauya imanina ba: zubar da ciki babu larura haramun ne, haka nake karantarwa. Amma na kasa gane yadda muka tashi kare ran da ke cikin ciki muka ƙare da binne uwa, 'ya'ya biyar suka zama marayu. Kuma Fiddausi ce kawai na sani saboda tawa ce. Waɗanda suka mutu a ɗaka, a ƙauyukan da ba mota, ba wanda ya ƙirga su.

Ba ki taɓa goranta mini ba. Kin ci gaba da aiko wa ɗalibaina kunu ranar Juma'a. Da ciwo ya kwantar da ke na je neman gafara, kika ce kin yafe tun ranar, sannan kika ƙara da cewa, "Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba." Na koma wajen 'yan kwamiti na nemi mu janye takardar. Biyu suka goyi bayana. Sauran suka ce mutane za su ce mun ja da baya, kuma zaɓe bai daɗe da wucewa ba, kada a ba 'yan adawa abin faɗa. Maganar tana nan ba ta ƙare ba, ni ma ban bari ba.

Ranar sadakar uku, iyalina ta ce mini gidanki ya cika da matan da 'ya'yanki ba su san su ba. Wasu daga Jahun, wasu daga Kiyawa, wata har daga Garki. Suna shiga su zauna su yi kuka, in an tambaye su daga ina, sai su ce Inna ta taɓa taimakonsu.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Adama. Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri kamar yadda ta rufa wa bayinKa. Ka yalwata kabarinta, Ka sanya ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka haɗa ta da salihan mata a Aljanna Firdausi. Ka jiƙan ƙanwata, Ka raya abin da ta bari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yan Inna, Sagiru da Nana Aisha, da jikokinta, da dukkan dangi na Aujara. Ina miƙa ta kuma ga matan da suka zo suka tafi ba su faɗi sunansu ba, domin rashin nasu ne. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Inna addu'a, ina roƙonsa ya sa ni a ciki, na fi ta buƙata.

Muntaka Abdurrahman
Takur, Dutse