Ranar da Ticha ya sayi jariri a Kukuo

Na aske kawuna da yawa a Tamale, na yi kaciya da ƙaho ba iyaka, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka sa jikan baiwa ya sayi mutum ba. Ku yaran yanzu masu injin aski, ku kashe rediyon nan ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yanci ba. Ni ne babban yaron Baba Isifu, Sarkin Wanzaman unguwar Aboabo. Tsarin aikin shi ne, duk gidan da aka haihu, shi ake sanarwa, shi zai yanke wanda zai je. Aski da cire belu namu ne, amma tsagar fuska sai hannunsa, ko wanda ya ba izini.

A shekarun nan baƙaƙen Amirka sun yi ta zuwa Gana, wai sun dawo gida. Ɗaya ya faɗo Tamale yana koyarwa a sakandare. Sunansa Mista Wilis, mu Ticha muke ce masa. Ni nake yi masa aski, don na ɗan tsinci Turanci a soja. Mutumin kirki, sai dai ciwonsa ɗaya: asali. An sace kakar kakarsa tana yarinya, ba wanda ya san daga ina. Duk tsohuwar da ya gani da tsaga sai ya tsaya yana kallo, ya ce in gaya masa ko 'yar wace ƙabila ce. Ya sayi binjima, rigar saƙi irin ta Dagomba mutanen garin, yana sawa har aji. Duk da haka yara na binsa suna kiran Bature, abin yana ci masa rai.

Wata safiya Baba Isifu ya kira ni.

“An haihu a Kukuo, gidan Alasan manomi. Matarsa Sanatu mai wabi ce, huɗu ta binne. Za a sayar da wannan. Ka kawo Baturenka.”

Ga wanda bai sani ba: a al'adar nan, in 'ya'yan mace suna ta mutuwa, sai a ce mutuwa ta gane gidan. To sai a ajiye jaririn a bakin juji, wani bare ya saye shi da 'yan wuri, kuɗin mutanen da, ya damƙa wa uwar riƙo. A yi masa tsaga irin ta bawa, a kira shi da ƙabilar mai sayen. In mutumin Moshi ne, yaro ya zama Modoo, wato namijin Moshi. Wai in mutuwa ta zo, ta tarar ba ɗan gidan ba ne, sai ta wuce. Malamai sun ce camfi ne, kuma gaskiyarsu, rai na Allah ne. Amma je ka gaya wa Sanatu.

Na ce, “Baba, me ya sa sai shi?”

“Sun gwada mutumin Moshi a na huɗun, bai yi ba. Yanzu baren da ya fi kowa nisa suke so. Akwai wanda ya fi shi?”

Na bari sai da na aske rabin kan Ticha, sannan na yi masa bayani dalla-dalla. Wallahi zumbur ya miƙe, sabulu na zuba a kafaɗa. “A Gana mai 'yanci? Ni, in sayi yaro?” Ya ce zai je, amma don ya hana. Ya kife hula a kan rabin askin, muka hau kekuna.

Mun tarar an riga an kwantar da jaririn cikin ƙwarya a bakin juji. Sanatu na tsugune nesa kaɗan, ta juya baya, don ba a so uwa ta nuna tana so. Kafaɗunta kawai ke rawa. Ticha ya tsaya ya fara jawabi. Ya yi maganar jirage da sarƙa da kasuwar da ake duba haƙoran mutum kamar jaki. Ina mayarwa da Hausa, Baba Isifu na ƙarasawa da Dagbanci, yaren Dagomba. Mutane suka saurara da ladabi, wasu na jinjina kai, rana kuwa tana hawa kan jaririn.

Sai surukar Sanatu, Mma Ayishetu, ta tako da sanda.

“Tambaye shi, kakar tasa da aka sayar, ta rayu?”

Ya ce ta rayu, ai ga shi nan.

“To. Mu da muka riƙe namu muka ce namu ne, suna binne a bayan ɗakin can.”

Na ji nauyin fassara wannan, don sayarwa da sayarwa akwai bambanci, kuma tsohuwar ta sani. Idon Ticha ya kaɗa. Can ya ce, “Ita ba a mayar wa uwarta da ita ba.”

Mma Ayishetu ta miƙa masa 'yan wurin sayen a tafin hannu. “To, ɗana, kai sai ka mayar.”

Ya karɓa. Ya zube wurin a ƙasa, ya ɗauki ƙwaryar. Bisa ƙa'ida cewa zai yi, riƙe mini bawana. Wannan kam ya ƙi faɗa. Ya durƙusa gaban Sanatu ya ɗora mata yaron a cinya, yana kuka kamar shi aka yi wa kaciya. Baba Isifu ya dube ni, na ce ai ya faɗa da Turanci.

Saura suna. Baba ya wasa aska ya ce in tambayi ƙabilar mai saye.

Ticha ya ce, “Ban sani ba. Abin da na zo tambayarku ke nan.”

Ni kaina tausayinsa ya kama ni. Tsohuwa dai ba ta da lokacin wannan. “Daga wace ƙasa ya taso?” Na ce Amirka. Ta ce, “Shi ke nan, Amirkadoo.” Mata suka rangaɗa guɗa. Bawan Allah ya ƙetaro teku don ya rabu da sunan nan, mu kuwa muka liƙa shi a kan jariri, muka bi da tsaga a kumatu.

Yaron ya rayu. Ticha ya yi 'yan shekaru ya koma, bai gano garin kakarsa ba.

Abin da na koya shi ne, mu wanzamai muna cika baki wai muna karanta asalin mutum a fuskarsa, alhali wata tsagar mu muka yi ta don mu ɓoye asalin. Tun ranar na daina duban kumatun mutum in ce masa ga kakanka.

Da na tsufa, wani saurayi ya same ni a rumfa, ɗan Amirkadoo ne, suna zaune a Gumbihini. Ya durƙusa ya ce an gaya masa ina wurin ranar.

“Baba, ka shaida mini. Gidanmu 'yan Amirka ne, ko ba haka ba? So nake in koma asalina.”

Na dube shi na ce, “Zauna in aske ka tukuna, ɗana. Irin hirar nan takan yi tsawo.”