Shanyar Gwaggo a Wayar Kamfani

Gwaggona mai wanki ce. Da rijiyar tsakar gidanta ta ciyar da mu, ni da 'ya'yanta, tun rasuwar mijinta. Babban cinikinta zannuwan gado na ƙaramin asibitin unguwarmu. Farin kaya kam, in ya fito daga hannunta sai ka ji kunyar taɓa shi.

Da aka buɗe kamfanin rini a bayan layinmu, fari ya fara fitowa rawaya-rawaya, da wani wari kamar na tsohon ƙarfe. Gwaggo ta ɗora laifin a kan mai sabulu. Ta je har shagonsa ta wanke shi tas, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta canja sabulu, ta canja bokiti, har igiyar guga sai da ta canja. Rijiyar ce kawai ta ƙi zargi, don mijinta ne ya haƙa ta da hannunsa.

Sai hannayenta suka fara tsagewa, yaran layi suka cika da ƙuraje. Rannan malamar asibiti ta zo da kanta ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za mu kwantar da marasa lafiya a kan wannan ba." Gwaggo ta zauna bakin rijiya ta yi kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Dama masu wankin layinmu a wayar shingen kamfanin suke shanya in igiya ta cika, maigadi yana korarsu. Da Gwaggo ta yarda dattin kamfanin ne ya shiga rijiyoyi, sai ta bi gida-gida ta ce kowa ya fito da farin da ruwa ya ɓata masa. Rigunan makaranta, tawul, labule, zanen jarirai, aka jera su tun daga kwana har bakin ƙofa, inda duk mai wucewa a titi zai gani.

Manaja ya ce a kwashe. Maigadi ya taho yana muzurai, Gwaggo ta tare shi da fara'a.

"Kwashe mana, ɗan nan. Amma ka fara da waccan 'yar rigar, ta 'yarka ce. Matarka ta kawo."

Ya daɗe yana kallon rigar. Sai ya koma rumfarsa, wai bayansa ke ciwo. Ciwon bayan nan bai sake shi ba har jami'an lafiya suka zo suka ɗebi ruwan rijiyoyinmu.

Kada ka ɗauka nan take aka gyara. An sha je-ka-ka-dawo har takalmin Gwaggo ya tsinke. Amma dai an tilasta wa kamfanin ya daina sako dattinsa cikin ƙasa, ya kuma jawo mana famfo. Rijiyoyin aka ce a rufe, har da tata, kuma wannan ya yi mata zafi ƙwarai.

Zannuwan asibiti sun dawo hannunta. Tana wanki tana mita, wai ruwan famfo ba ya kumfa kamar nata. Zanen farko da ya fito fari fat, ba ta kai shi igiya ba. A kan murfin rijiyar ta shimfiɗa shi, ta danne gefensa da dutse, ta ce, "Bari maigidan ya gani."