Shekarar da Na Girmi Mahaifiyata

Shekarun baya, akwai lokacin da na girmi mahaifiyata da shekara ɗaya cur. Ba raha nake yi muku ba, a rubuce yake cikin kwamfutar hukuma, kuma sai da muka shafe wata biyar muna yawon ofis-ofis kafin a yarda cewa ita ta riga ni zuwa duniya.

Inna mai bandar kifi ce a ƙauyenmu, can wajen Ngaski. Garinmu na cikin waɗanda aka sake wa mazauni lokacin da ruwan dam ɗin Kainji ya cinye tsohon gari. Mutanenmu suna ce wa wannan ƙaura "tashi", kuma komai daga nan ake ƙirga shi: wane an haife shi kafin tashi, wance an yi aurenta damina uku bayan tashi. Ni ne ɗanta na fari, a bayanta na bar tsohon gari. Saboda kunyar ɗan fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa a firamare a Yelwa na koma "Malam".

Idonta ya jima yana hazo tana ɓoyewa. Ranar da na gane, na je gaishe ta ne na tarar da hannunta a naɗe da tsumma. Ta kai hannu za ta juya karfasa, ta damƙi wayar banda da zafinta. Washegari na ɗauko ta zuwa asibiti. Likita ya haska idon ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, ta hagun ma ta wuce nuna, idan aka yi wasa idon zai mutu. Sai ya kwantar mini da hankali, ya ce akwai shirin lafiya na gwamnati da ke ɗauke wa tsofaffi kuɗin irin wannan aiki, matuƙar mutum ya kai sittin da biyar. Mu je da katinta na shaida a yi mata rajista kawai.

Na fito ina murna har da cewa ashe ana tunawa da talaka.

A ofishin rajista wani saurayi ne a gaban kwamfuta, sa'ar ɗana na biyu. Ya karɓi katin, ya danna, ya miƙo mini.

"Baba, ba ta kai ba. Hamsin da uku ne shekarunta."

Na yi dariya, na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga hoton Inna, ga sunanta, ga ranar haihuwa: ɗaya ga watan ɗaya, shekarar tashi. Na zaro nawa katin na ajiye kusa da nata.

"Ɗana, duba nan. Ni hamsin da huɗu gare ni. Wannan matar ita ta haife ni. Ka dube ta da idonka, ka dubi furfurar nan."

Bai ɗago ba. "Ni ba na aiki da furfura, Baba. Abin da kwamfuta ta nuna da shi nake aiki. Ku je inda aka yi katin su gyara."

A hanyar komawa na tsayar da babur ƙarƙashin wata tsamiya na tambayi Inna yadda aka yi. Ta ce shekarun baya masu yin kati sun zo garin sun kafa teburi a makaranta, wani yaro mai Hausa ciki-ciki ya tambaye ta yaushe aka haife ta.

"To, mi kika ce mai?"

"Nic ce ban sani ba. Nic ce ni dai shekarar da anka tashe mu ina da goyo."

Nan take na gane. Ta ce tana da goyo, shi kuma ya ji tana goye. Ya ɗauka ita ce jaririyar, ya rubuta mata shekarar tashi ya kira na gaba. Da ta ce "ina goye da ɗana wane, ga shi can yana koyarwa a Yelwa", da ba a yi haka ba. Amma ina! Inna ta ce "ɗana" a gaban baƙo? Ai ko a gaban mahaifina ba ta taɓa faɗa ba.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na isa gida na ba maiɗakina labari, ta ce, "Malam, ka sai da babur ɗin ga a yi mata aiki, in ya so ka yi rigimarka daga baya." Na hau ta da faɗa. Na ce haƙƙin Inna ne, ba roƙo muka je ba. Gwamnati ta tashe ta daga garin ubanta, kaburburan iyayenta suna ƙarƙashin ruwa, an yi wutar lantarki da ruwan an kai birane ita tana kunna aci-bal-bal, yau abu ɗaya ya faɗo a kanta a ce ba ta kai ba? Na rantse sai an gyara. Duk wanda ya san ni ya san in na kafe a kan magana ko jaki ya san ya bar mini. Na ɗauka aikin mako biyu ne.

Masu kati suka ce ba sa taɓa shekarun haihuwa sai da takardar rantsuwa daga kotu. Na je kotu. Magatakarda ya ce a kawo wasiƙa daga mai garin da aka haife ta. Na ce garin yana cikin ruwa, sai dai in ya ba ni aron kwalekwale da mai nutso. Bai yi dariya ba, ya ce shi dai ƙa'ida ya faɗa mini. Mai garinmu na yanzu ya rubuta, na kai. Sai kuma ya ce ai wanda zai yi rantsuwar dole ya zama ya girme ta, kuma ya shaida haihuwarta. Na ce me ya hana ka faɗa mini tun zuwan farko? Ya ce ban tambaya ba.

Jama'a, ku duba mini. Mace ta haura saba'in, a ce a kawo wanda ya girme ta. Duk duniya mutum ɗaya ya rage mana, Kawu, yayanta, tsohon masunci da ke zaune a tsallaken ruwa, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ga damina ta kankama, ruwa ya yi fushi, masu jirgi ba sa ƙetarawa sai ranar kasuwa, ita ma sai in gari ya yi kyau. Kasuwa biyu muka rasa. A ta uku aka sauko da shi, ni na goya shi daga bakin ruwa zuwa kan babur, yana ta mita wai na matse masa haƙarƙari.

Duk wannan lokacin Inna tana gidana. Ta fara cewa kanta na sara ta ɓangaren hagu, idon ya yi ja yana zubar da ruwa. Ina saya mata maganin ciwon kai ina ce mata saura kaɗan. Ba ta taɓa ce mini komai ba sai "Allah shi kai mu."

Muka zaunar da tsofaffin biyu a benci gaban magatakarda. Ya nemi katin Kawu. Ya duba, ya duba na Inna, ya tura mana su duka.

"Wannan ai ƙanenta ne. Ta girme shi da shekara biyu. Ba zai yi mata rantsuwa ba."

Ashe shi ma nasa katin shaci-faɗi aka yi masa. Kawu ya kafa kunne ya ce a maimaita. Da ya fahimta sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ni ƙanenta? Ni da nig goya ta? Ranar sunanta ni nir riƙe akuyar da anka yanka! Yaro, ubanka ma bai san an yi ba!"

Ni kuwa ban san lokacin da murya ta ƙwace mini ba. Na manta ni malamin makaranta ne, na manta a kotu nake. Na ce kun mai da uwa ƙanwar ɗanta, kun mai da wa ƙane, saura ku ce ruwan Kainji ma bara aka haife shi! Na ce matar nan makancewa take yi kuna lissafin banza. Ɗan sandan ƙofa ya taso, mutane suka taru. Hayaniyar ce ta sa alƙali ya aiko a shigo da mu ofishinsa, kuma na shiga ne da yaƙinin ɗaure ni za a yi.

Dattijo ne, da alama shi ma ɗan bakin ruwa ne. Ya bar ni na gama huci, sannan ya juya wajen Inna.

"Hajiya, mi kika ce ma mai kati?"

"Allah shi gahwarta Malam, nic ce shekarar tashi ina da goyo."

Ya gyaɗa kai. "Mai goyo daban, na goye daban. Na gane. To, tunda katin yayanki bai da amfani, da ɗan za mu kafa hujja, don shi takardunsa na makaranta sun nuna shekarunsa. Goyon nan, ina yake yanzu?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Kawu ya nuna ni da sanda ya ce ga shi nan tsaye, ƙaton banza mai faɗa. Alƙali ya ce ya ji, amma doka tana so ya fito daga bakinta, da suna, don a rubuta. Ya faɗa da taushi, har yana ba ta haƙuri. Ya san abin da yake nema a wurinta.

Ina ganin yatsunta suna murza bakin mayafi. Na buɗe baki zan ce a bar shi, na fasa shirin, zan sayar da babur. Kafin in yi magana ta ɗago fuska, ba ma ta saitin inda nake ba, don ba ta ganina. Ta ce, "Ɗana na. Ni nih haihe shi." Sannan ta faɗi sunana.

Ina da shekara hamsin da huɗu, da jikoki, na tsaya gaban alƙali hawaye na bin gemuna. Kuma wallahi ba daɗi ne ya fi yawa a ciki ba. Haushi ne. Abin da ta riƙe fiye da shekara hamsin, mutuncinta ne a wurinta, an sa ta ta ajiye shi gaban baƙi saboda wani yaro bai iya sauraro ba. Da muka isa gida, kwana biyu ba ta yarda mun haɗu a tsakar gida ba.

Kada ku ɗauka an gama. Takardar kotu ta fito a ranar, amma gyaran katin ya ci wata biyu. Yau ba sabis, gobe mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a dawo Litinin. Na riga na yi nisa, ina ganin in na janye yanzu kunyar da Inna ta sha ta tafi a banza. Haka na yi ta ruɗin kaina har aka gyara, aka yi rajista. Saurayin nan na farko shi ya miƙo mini katin shirin, har da cewa, "Ka gani, Baba, ai ba wuya."

Likita ya daɗe yana haska idon hagu. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ina kuka tsaya?" Na ɗaga masa jakar takardun da ke hannuna. Ya ce ruwan idon ya hau ya kashe jijiyar, ko an cire yanar ba za ta gani da shi ba. Na dama aka yi wa aiki, kyauta kamar yadda aka yi alkawari, kuma alhamdu lillahi ya buɗe. Da aka cire bandeji ta ƙare mini kallo ta ce, "Ashe Malam ya yi hurhura haka." Na ce ai dole, tunda na girme ki. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ni na kasa.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ban ce shirin ba shi da amfani ba, ya buɗe mata ido ɗaya, na gode. Amma wanda ya tsara cewa tsohuwar ƙauye sai ta kawo wanda ya girme ta, bai taɓa zama da tsohuwar ƙauye ba. Ba wanda ya nemi cin hanci a wurina, ba wanda ya zage ni. Kowa ƙa'idarsa ya bi, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗaga kai ya dubi fuskarta sai mutum ɗaya, shi ma sai da na yi hauka a ƙofarsa. Shi ya sa nake ce wa duk mai tsoho a gida, yau ɗin nan ka ɗauko katinsa ka duba shekarun da aka rubuta masa, tun yana da lafiya. In kuwa ciwo ya riga ya zo, ka yi magani tukuna, rigimar ba za ta gudu ba. Maiɗakina ta faɗa mini haka tun ranar farko, kuma Allah ya saka mata, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Inna tana nan da ranta, ta koma bandarta, ta koma ce mini Malam. Sunana bai sake fitowa daga bakinta ba, ni ma ba na so ya sake. Babur ɗin da na ƙi sayarwa shi nake hawa in je gaishe ta duk Juma'a. In na shiga gidan na tarar da ita a bakin banda, ƙofar tana hagunta, ba ta sanin na shigo. Sai in zagaya ta bayan murhu in tsuguna a damanta, sannan in yi sallama.