Daga Nima Zuwa Kano a Jirgin da Ya Kurumce

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Nima, ni da Baba, bayan Mama ta ɗura mana koko da ƙosai kamar an ce mata ba a girki a Kano. Yanar ido ce ta rufe wa Baba gani, kuma likitan da ake yabo yana can. Abokan cinikinsa na goro suka haɗa masa kuɗin jirgin sama, ni kuma aka ce in raka shi tunda na yi sakandare, ina jin Turanci. Rabin unguwar Maamobi ya biyo mu filin jirgi a motocin haya na trotro, kowa da saƙon da za a kai wa danginsa.

Har Ikko, inda jirgin ya yada zango, lafiya lau. An ba mu shayi da wani biskit da Baba ya ce ko akuyar unguwar Kawukudi sai ta yi shawara kafin ta tauna shi.

Da hantsi muka bar Ikko, muka nutse cikin hadari. Kujerarmu tana dab da ƙofar matuƙa, ƙofar kuwa ba ta rufu sosai ba. Sai na ji mai rediyon jirgin yana ta kiran Kano, ba mai amsawa sai ƙara kamar ana suya. Can ya ce wa direba, da Turanci, ba Kano, ba Ikko, ba kowa, kuma allurar da ke nuna arewa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na waiga. Tsofaffin da ke kusa da mu suna ta ɓantarar goro. Ni kaɗai na ji.

"Uwata, me suke cewa?" in ji Baba.

"Sun ce mun kusa, Baba."

Sau uku ya tambaya, sau uku na ba shi wannan amsa. A na ukun, maganar mai suke yi, wai ya fara ƙasa. Wallahi na so in faɗa, ko na samu mai taya ni tsoro. Amma yaya zan ce wa mutumin da ba ya gani mun ɓata a sararin sama? Na riƙe hannunsa, addu'ar da na iya tun ina yarinya ta gudu daga kaina.

Direba ya yi ta sauko da mu har muka fito ƙarƙashin gajimare, ina ganin kan bishiyoyi da jinkar bukkoki. A haka ya tsinci layin dogo, ya bi shi tiryan-tiryan har dalar gyaɗar Kano ta bayyana.

Bayan mun sauka, wani malamin jami'a da muka zo tare ya ji ina tambayar abin da ya kurumtar da jirgin, ya yi mini bayani. Wai rana takan yi aman wuta, ta watso wata guguwa da ido ba ya gani, ta bugi maganaɗisun duniya, sai rediyo ya mutu, allura ta ruɗe. A makaranta an ce mana duniya ƙaton maganaɗisu ce, amma ba wanda ya ce ana iya girgiza ta.

A cikin tasi Baba ya miƙo mini hannunsa, duk shatin farcena.

"Tun 'mun kusa' ta farko na gane," in ji shi. "Na yi shiru ne don kada in ƙara miki kaya."

An yi aiki, ido ɗaya ya buɗe, alhamdulillahi. Dawowa kam na ce sai ta ƙasa: jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan mota ta Kwatano da Lome. Mun sha jijjiga, mun ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da kifi a bakin iyaka, ban yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Yau sati biyu da isowarmu Nima. Abin da na koya shi ne, mutum biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa tsoro iri ɗaya. Maƙwabta suna ta zuwa ganin idon Baba, suna ce mini jaruma. Ni kuwa in na fito shanya da hantsi, na ji zafin rana a wuyana, sai in tuna aman wutar da ta yi mana, in nemi wurin zama.