Fursunan da Barista Monica Ta Kora

Barista Monica 'yar Zuru ce, 'yar tsohon saje, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan tana babbar lauyar hukumar gidajen yari ta jiha. Aikin nata rabinsa takardu ne. Wanda za a tsare, wanda za a saka, wanda ya kai ƙara don an riƙe shi ya wuce wa'adi, duk sai fayil ya bi ta teburinta. Ga ta da baki, in ta ce "doka ta ce," shugabanta ma shiru yake yi.

To, daminar bara aka kira ta gidan yarin garinsu. Wani gandiroba ne ya lura da abin al'ajabi. Takarda ta ce fursuna Sila, ɗan shekara ashirin da shida, an yanke masa wata takwas saboda ya fasa wa wani kai a rikicin iyakar gona. Wanda ke tsare kuwa ga furfura, ga ɗingishi.

Aka kawo mata shi.

"Bawan Allah, kai ne Sila?"

"A'a, Madam. Philemon nake, yayansa."

Ko gezau bai yi ba! Ya ce ranar hukunci Sila yana kan beli, aka kira suna, shi ya miƙe ya ce ga ni. Wanda aka fasa wa kan ma ya gani, ya ce shi dai a ɗaure wani daga gidansu, ba ruwansa da ko wane ne.

"Kana hauka ne? Don me?"

"Golmo, Madam. Shekararsa ta ƙarshe."

Ta san golmo sarai, noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Sila ya yi shida a gonar wani tsoho mai taurin kai a hanyar Ribah, wanda ya rantse in damina ɗaya ta wuce ba Sila ba ɗan'uwansa a gona, to ya haƙura da auren 'yarsa Rachael.

"To ai sai ka je ka yi masa noman, shi ya zauna nan!"

Philemon ya ɗaga wando ya nuna mata ƙafar da ya dawo da ita daga soja, a shanye kamar karan dawa.

"Noma ya fi ƙarfina. Zama kuwa na iya. In ɗan'uwa zai iya riƙe wa ɗan'uwa fartanya, me ya hana ya riƙe masa ɗaki? Gwamnati mutum ɗaya take bi, ga mutum ɗaya."

Wallahi Monica ta san amsar a Turance, da sashe da lamba, amma a Hausa ta ƙi fitowa. In ta yi shiru, mara laifi yana ɗaure da saninta, aikinta ma sai ya tafi. In ta rubuta gaskiya, gumin shekara shida ya bi ruwa. Kwana uku tana rubutu tana yagewa, tana jin haushin Philemon, tana jin haushin tsohon, tana jin haushin kanta.

Ta rubuta gaskiya. Ta dai roƙa kada a tuhumi Philemon, aka amince. 'Yan sanda suka ɗauko Sila daga gona da laka a ƙafa. Shi kuwa Philemon ya rungume ƙarfen ƙofa yana cewa saura masa wata biyar, sai da gandirobobi uku suka ɓamɓare shi suka fitar. Tunda take aiki ba ta taɓa ganin an kori mutum daga kurkuku yana kuka ba.

Bayan mako biyu aiki ya bi da ita ta hanyar Ribah. Sai ta hango mutum a durƙushe cikin dawa, yana jan gwiwa yana sara. Ta ce direba ya tsaya.

Philemon ya ɗago, gumi sharkaf, ya gaishe ta da fara'a, ba ko alamar riƙo.

"Madam, in kin je can, ki gaya wa Sila ya kwantar da hankalinsa. Na kusa rabi."

Monica ta juya ta dubi gonar tsohon, ciyawa har inda ido ya tsaya. Kunya huɗu ya nome.