Mai Hasumiya da Jan Katako

A layinsu Mai Hasumiya ake kiransa, shi kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa a rage masa ba. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi riƙe abu a ka. Uwarsa za ta lissafa masa aike goma, ya je ya dawo babu wanda ya ɓace. Gwaggonni suka yi ta yabo har kan ya kumbura, bai sake saɓewa ba. Ya girma da tunanin cewa mantuwa ciwon wasu ne.

Da ya gama karatu aka ɗauke shi aiki a filin jirgi, can saman hasumiya, ɗaki ne na gilashi zagaye, kujeru uku, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti. Aikinsa ya gaya wa matuƙa wane zai sauka, wane zai jira, kada biyu su haɗu wuri ɗaya. In ka ji shi yana ba da labari a ƙofar gida, sai ka rantse da hannunsa yake riƙe da jiragen.

A ɗakin akwai wata ƙa'ida. Duk sanda aka bar mota ta hau titin jirgi, mai aiki zai ɗora wani jan katako, bai fi tafin hannu ba, a gabansa kan tebur. Muddin katakon nan yana kwance, ba a ce wa kowa ya sauka. Kowa yana yi, har shugaban hasumiya mai furfura. Mai Hasumiya kaɗai ya fi ƙarfinsa. Ya ce masu ƙwaƙwalwar kaza aka yi wa. Shekara goma sha bakwai yana zama babu katako, kuma bai taɓa kuskure ba, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Wata safiya direban motar duba titi ya kira ta rediyo, ya ce akwai guntun taya a tsakiya, a ba shi izini ya ɗauke. Mai Hasumiya ya ce ya shiga. Matar da ke kujerar kusa da shi, wadda ta zo aikin shekara biyu baya, ta kalli katakon, ta kalle shi, ta koma kan aikinta.

Ana haka wani matuƙi da ke nesa ya ce a maimaita masa, bai ji da kyau ba. Wai shi Mai Hasumiya za a ce ya maimaita. Ya gyara zama, ya shiga koya wa mutumin yadda ake sauraro, a hankali, kalma kalma, don duk wanda ke kan rediyon ya ji. Yana gamawa, da sauran daɗin abin a bakinsa, ya juya ya ce wa wani jirgi da ke gab da isowa ya sauka.

Matar ce ta fizge makirufo ta ce wa matuƙin ya tashi sama. Jirgin ya wuce ta kan motar da ƙarar da ta girgiza gilashi. Direban ya riga ya kwashi mota ya afka cikin magudanar ruwa. Mutum ɗari da wani abu suka zaga sama suka dawo, mafi yawansu ba su san me ya faru ba.

Aka zauna bincike a ɗakin taro na ƙasa. Kujerar Mai Hasumiya ce ke rawa, ya sani, kowa ya sani. Ya ce shi bai ba wata mota izini ba, kuma shi ba ya mantuwa. Shugaba bai yi musu ba, ya danna na'urar naɗar magana. Muryarsa ta fito tas, da ƙasaitarta, tana cewa direba ya shiga. Direban yana zaune a gefe, wuya ɗaure da bandeji, ya ce, "Yallaɓai, muryar nan dai na san ta. Har kunnena na hagu da ya toshe ya gane ta."

Sai Mai Hasumiya ya juya kan matar. Me ya hana ta ɗora katakon, tunda ita ta yarda da shi?

Ta ce, "Na taɓa ɗora maka, Malam. Ka jefa shi cikin aljihun tebur, ka ce in sake in gani."

Shugaba mutum ne mai sauƙi, ya fi abin da ya kamata ma. Ya ce ba za a kore shi ba. Zai yi wata shida yana aiki da wani a bayansa yana duba shi, ya ɗora katako kamar kowa, sannan a mayar masa da kujerarsa. Mai Hasumiya ya tambaya wa zai tsaya bayan nasa. Aka ce ita matar.

Da wani ne da ya yi godiya ya sunkuyar da kai. Shi ya miƙe, ya ɓalle katin shaidar aiki daga wuya, ya ajiye a hankali don a gani, ya ce kafin sati biyu za su zo har gida su roƙe shi. Ya sauka matakala yana sauraron ko za a biyo shi.

Shekara huɗu ke nan. Gidansu yana ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi in za su sauka, don haka kullum yana kan benci a ƙofa, agogo a hannu. In biyu suka wuce a jere sai ya girgiza kai ya ce sun yi kusa da juna, aikin yara ne, ana gab da jin labari. Maƙwabta sun daina amsawa. Ran nan ya kira matarsa ta zo ta ga wani da ya ce ya yi ƙasa da yawa. Ta fito da tsintsiya, ko sama ba ta kalla ba.

Ta ce, "Baban yara, tun da ka bar musu ban ga wanda ya faɗo mana a rufi ba. Ɗaga ƙafarka in share."