Malama Yelwa da Rautar Gidan Malam Labbo

Kullum da hantsi Malama Yelwa takan fito daga gidansu a Bungudu, jakar aiki a kafaɗa, mayafi ya rufe jakar. A ciki akwai ƙaramar kwamfuta, da wayoyi a naɗe, da sukundireba. Takan tsaya a bakin titi ta jira motar Gusau, wata rana kuma ta zarce har Tsafe. Sana'arta gyaran rauta, wato na'urar nan da ke karɓo intanet ta raba wa kwamfutoci da wayoyin gida. Shekaru ta kwashe tana wannan aiki, tun lokacin da direbobi ke yi mata ba'a suna cewa, "Injiniya, yau wace tukunya za a gyara?" Yau su ne ke miƙo mata wayoyinsu ta taga.

Masu cewa wannan ba aikin mace ba ne, a tambaye su tun yaushe. Tun kaka da kakanni, ƙasar nan ta san cewa akwai aikin da namiji ke tsayawa a zaure, mace ta wuce ciki ta ƙarasa. Wanzami na da iyakarsa, ungozoma ce ke shiga ɗaki. Fatake na sauke kaya a kasuwa, dillaliya ce ke kai su gaban matan aure. Malama Yelwa ba ta zo da sabon abu ba. Tsohuwar hanya ta bi da sabon kaya. Wanda kuma yake neman hujja, ya je Tsafe ya tambayi abin da ya faru a gidan marigayi Malam Labbo.

Gidan babba ne, 'ya'ya maza uku da iyalansu, tukunya ɗaya, mahaifiyarsu Inna Hadiza a tsakiya. Da suka haɗu suka sayi rauta, sai aka yi shawarar inda za a ajiye ta. Kowa ya ce ba a sashen wani ba. Aka kai ta ɗakin Inna, kamar yadda aka saba da duk wani abu mai daraja a gidan.

Ba a jima ba fitina ta tashi. Kwamfutar Tajuddeen, autan gidan, wanda ɗakinsa ke jingine da na Inna, tana samun intanet, ko da yake da ƙyar. Ta babban yaya kuwa, Alhaji Sahabi, wanda ke cinikin hatsi da 'yan kudu, ko motsi ba ta yi. Haka ta matarsa Nafisa, mai karatun aikin jinya daga gida. Aka kira masu gyara daga Gusau, ɗaya bayan ɗaya. Gidan ba a shiga, don haka kowannensu a zaure yake zama, a fito masa da rautar, ya jona, ya gwada, ta yi aiki garau. Ya ce lafiyarta ƙalau, a mayar. Ana mayarwa, sai a koma gidan jiya.

Daga nan Alhaji Sahabi ya yanke hukunci a zuciyarsa: auta ne ke taɓa ta, Inna kuma tana rufa masa asiri. Gaisuwa ta yanke tsakanin 'yan'uwa. Alhaji ya sa aka sauke bulo a ƙofar gida, ya ce zai ja katanga, ya fasa ƙofarsa, ya ware tukunyarsa. Gidan da Malam Labbo ya bari a haɗe ya kama hanyar rabuwa. Nafisa ce ta aika a kira Malama Yelwa.

Da ta iso, Alhaji yana zaure. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Maza sun duba ba su ga komai ba. Ke mi za ki gani? A fito mata da ita, ta gwada ta tafi."

"Alhaji, kada a fito da ita. Ni ba baƙon namiji ba ce. Inda take kwana nake son gani."

Ta yi sallama ta wuce. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi jiki, ta tambayi awaki, ba ta yi gaggawa ba. Can ta ce, "Inna, ina baƙuwar taku?"

Tsohuwa ta tashi da alfahari, ta nufi jeren kwallayenta, ta ɗaga murfin mafi girma. Ga rauta a kwance cikin ƙarfe, an naɗe ta da ɗankwali, wayar wuta ta biyo ta gefen murfi. Malama Yelwa ta taɓa ta, zafi kamar an sauke daga murhu.

"Amana aka ba ni," in ji Inna. "Ɓeraye sun cinye mini wayar rediyo. In bar musu kayan ɗiyana? Ni dai in an aiko, in fiddo. In an maido, in rufe."

Nan Malama Yelwa ta gane komai. Ƙarfe ya tare abin da rautar ke watsawa, ɗan abin da ke tsira bai wuce ɗakin auta ba. Surukai kuwa, wace ce za ta buɗe kwallar uwar mijinta? Gyaran na'ura ya ƙare tun a nan. Saura yadda za a faɗa ba tare da an kunyata tsohuwa a gaban 'ya'yanta ba.

"Inna, kin tsare ta fiye da kowa. Sai dai ita wannan halinta irin na nono ne, iska take so. Da can, ina kuke ajiye ƙwaryar nono don kada ɓera ya kai gare ta?"

"A ragaya mana! 'Yan zamani, har wannan sai an gaya muku?"

Da hannunta Inna ta zaro tsohuwar ragayarta. Aka rataye ta can sama a rumfar ƙofar ɗakinta, aka ɗora faifai, aka zaunar da rauta. Malama Yelwa ta ƙara tsawon waya, ta bi sashe sashe tana jona kwamfutoci, har ta Nafisa ta buɗe darasinta.

Ta koma zaure. Alhaji Sahabi ya ga tasa ta kama, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"To, wa ke taɓa ta? Faɗa mini suna."

"Ba wanda ya taɓa ta, Alhaji."

Kafin ya sake magana, muryar Inna ta taso daga bayan labule. "Sahabi, ni ce. Ni na rufe ta cikin kwalla. In katanga za ka ja, ka fara da ƙofar ɗakina."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, cewa ya yi a kira masa Tajuddeen, kuma a gaya wa magini kada ya zo.

A bana an yi taron karrama masu gyaran na'urori a Gusau. An kira sunaye, an tafa. Ba a kira na Malama Yelwa ba, wai ba ta da shago. To, a nan za a kira shi, wanda zai ji haushi ya ji. Malama Yelwa, ke ce mai wuce zaure. Ke ce kika san cewa ba a gane ciwon na'ura sai an ga ɗakin da take kwana, kuma kika san yadda ake gaya wa uwa gaskiya ba tare da girmanta ya zube ba. Shagonki kuwa, kowane tsakar gida ne daga Bungudu zuwa Tsafe.

Mun gode, Malama Yelwa. Allah Ya tsare miki hanya, Ya ƙara miki lafiya da ƙarfin ido. Ku kuma iyaye, duk wanda 'yarsa ta nuna sha'awar wannan sana'a, kada ya ƙwace sukundireba daga hannunta. Ya kai ta wurin Malama ta koya. Gidajen da ba a shiga suna da yawa, mai shiga kuwa har yanzu ita kaɗai ce.